Kamfus a Gonar Inna Lubabatu

Allah ya ba kowane gari abin da zai yi alfahari da shi. Mutanen Anka ya ba su zinariya a ƙarƙashin ƙasa, na Gummi ya ba su gulbi da kasuwa, mu kuwa mutanen Bukkuyum da aka zo kanmu sai aka miƙo mana Malam Abdulwahabu, kuma har yau ba mu ce an cuce mu ba. Ta yaya za mu ce haka, mutumin da ya share shekaru a cikin jami'a, safe da yamma, ba hutu ba yajin aiki? Mahassada za su raɗa maka cewa a shagon fotokwafi ya yi su, can bayan ɗakin karatu, yana danna inji yana miƙa wa ɗalibai takardu. To sai me? Duk littafin da wani farfesa ya rubuta sai da ya bi ta hannunsa shafi-shafi, da ɗuminsa. Ɗalibi fanni ɗaya yake karanta ya kama gabansa, shi kuwa Malam likitanci ya taɓa, shari'a ya taɓa, har ilimin taurari ya taɓa da yatsunsa goma.

A shekarar 2012 ya dawo mana, da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta masa ba, da jakar hannu wadda ba a taɓa ganin ya buɗe ta ba, da wata irin Hausa ta gidan rediyo. Ya buɗe nasa shagon fotokwafin kusa da tasha. Da yake wuta ba ta cika leƙo mu ba, injin ya samu hutu, mai injin kuma ya samu lokacin wayar mana da kai.

Cikin duk ilimin da ya ratsa ta hannunsa, shafi ɗaya ne ya tsaya ya karanta, wata rana da takarda ta maƙale a inji yana jiran mai gyara. Wannan shafin kuwa ya riƙe shi gam. A gindin dogon yaron bakin tasha, inda ake zama bayan la'asar, nan muka fara ji. Ya gyara tabarau, ya ɗora jaka a cinya, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Jama'a, kuna jin ana cewa kamfus, kamfus, idan ana zancen jami'a. Kun san asalinta? Ba ku sani ba, kuma ba laifinku ba ne. Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce, su ma arowa suka yi. Ta Latin ce, harshen Rumawan farko, wanda yanzu babu mai jin sa sai mu 'yan ƙalilan. A Latin, kamfus na nufin fili shimfiɗaɗɗe, sarari, ba tudu ba kwari. A birnin Rum akwai wani da ake kira Kamfus Martiyus, sunan wani gunkinsu na yaƙi aka sa masa, Allah ya tsare mu da shirka. A nan sojoji ke atisaye, a nan ake taruwa a yi zaɓe. Sai da ƙarnoni suka shuɗe sannan wata kwaleji a Amurka ta kira koren filin gaban azuzuwanta da wannan suna, yau sama da shekara ɗari biyu ke nan. Daga nan ya bazu, har duk harabar jami'a da gine-ginenta ta zama kamfus. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu."

Babu wanda ya ɗaga, domin duk wanda ya ɗaga za a sake daga farko. Kuma a yi masa adalci, maganar gaskiya ce. 'Ya'yanmu da suka je jami'a da gaske sun bincika sun ce haka take. Illarta ɗaya, ba ta da ƙanwa ba ta da ya. Ita ke nan Latin ɗin Malam, amma ya iya tattalinta. A wurin suna ya faɗe ta, a ɗaurin aure ya faɗe ta, an ce har a zaman makoki ya fara sai da liman ya yi sauri ya ɗaga hannu aka shiga addu'a. Ba a daɗe ba matasa suka laƙaba masa Barume, wato mutumin Rum. Da labarin ya kai kunnensa bai ji haushi ba, cewa ya yi gari ya fara sanin darajar mutane.

Ana nan, sai Allah ya haɗa shi da wani Alhaji Sadiq a wani biki a Gusau. Alhajin nan yana da kwalejin kansa, yana kuma neman inda zai buɗe mata reshe a yammacin jiha, ko Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Rabo ya sa kujerarsa na kusa da ta Barume, ƙofar fita kuwa da nisa. Kafin a raba goro, Alhaji ya san Kamfus Martiyus kamar can aka binne cibiyarsa. Ko don ya gamsu, ko don ya samu ya tashi, ya ce idan Malam ya samo fili mai kyau zai zo ya gani kafin damina ta fita, in ya yi masa, Malam ne zai zama Daraktan Kamfus.

Daraktan Kamfus. Tun a mota ya fara gwada sunan a bakinsa. Da ya sauka a tasha, masu babur suka ce "Barume, sannu da hanya," ya dube su ta saman tabarau ya ce su fara koyon sabon suna tun da wuri, kada ya zo musu ba shiri.

Fili kuwa ai ba sai an nema ba. A bayan gari, a gefen hanyar Gummi, akwai gonar da mahaifinsa marigayi Malam Usama ya bari, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari, kai ka ce da ita Rumawa suke nufi. Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama, wadda babban mutum bai kamata ya tsaya a kanta ba: daga gonar nan mahaifiyarsa, Inna Lubabatu, take ci. Geron da ke rumbunta daga nan yake, dawar daga nan take, waken da take kaiwa kasuwa ta sayo gishiri da manja daga nan yake. Yayyensa duk sun yi nisa da neman abinci, shi ne auta, shi ke gida, shi aka bar wa kula da gonar.

Ya same ta tana tsince irin gero a faifai, ruwan farko ya sauka, ƙasa na ƙamshi. Ya tsaya a kanta ya yi mata bayanin Rumawa tun daga tushe, ya bi ta Amurka, ya sauko Bukkuyum. Ya ce bana ba za a shuka hatsi ba. Ya ce kamfus na gaskiya da koriyar ciyawa ake gane shi, shimfiɗe, a aske, kamar yadda ya gani a jami'a, kuma idan Alhaji ya zo ya ga haka ko zama ba zai yi ba zai sa hannu.

Inna ta ɗago ta dube shi. "Auta, haki za ka shibka?"

"Ciyawa, Inna. Ta ado."

"To mi za mu ci?"

"Inna, wanda ɗanta zai zama Darakta ba ta tambayar abin da za ta ci."

Ba ta amince ba. Amma Malam yana da wata baiwa, idan ya fara magana mutum yakan gaji kafin shi. Ya bi ta madafa da bayani, ya bi ta bakin rijiya, ya tsaya a bayan ɗaki yana jiran ta idar da salla ya ɗora daga inda ya tsaya. Ƙarshe ta kife faifan a kan ƙwarya ta ce ya je ya yi abin da ya ga dama, Allah na gani. Shi kuwa ya fita ya shaida wa gari cewa Inna ta sa albarka.

Ranar da ciyawar ta iso, garin nan bai ga abin kallo irinsa ba tun da aka kawo janareton farko. Mota guda aka ciko da buhuna daga wurin masu sayar da furanni a Gusau, da leburori biyu da suka san aikin. Manoma suka bar gonakinsu suka zo ganin irin da aka ɗauko tun daga babban birni. Shitu, maƙwabcin gonar, wanda shi ne sarkin noman unguwa, ya sa hannu a buhu ya zaro tsagi ɗaya, ya juya shi, ya shinshina, ya sake juya shi.

"Malam, wanga ai kiri-kiri na."

Kiri-kiri, ga wanda bai taɓa riƙe hauya ba, ita ce ciyawar nan mai yaɗo da ke bin ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa. Ka sare ta nan ta ɓullo can. Marigayi Malam Usama ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da ita a gonar nan kafin ya ga bayanta.

Barume ya yi murmushin tausayi. "Shitu, a wurinka kiri-kiri ce, domin idonka na manomi ne. A wurin masu ilimi shimfiɗa ce. Rumawa ba a kan kunya suka yi atisaye ba."

Aka dasa ta layi-layi, shi yana tsaye ƙarƙashin laima yana nuni da biro. Allah kuma ya ba da damina mai albarka, kamar don ita. Kafin geron mutane ya kai gwiwa, gonar Inna ta rufe ruf, kore shar, ba ka ganin ƙasa ko ta tafin hannu. Malam ya jera duwatsu ya shafa musu farar ƙasa, ya fitar da hanyoyin da ɗalibai za su bi zuwa azuzuwan da ba a gina ba. Ya kafa allo babba a bakin hanya an rubuta KAMFUS, da wani ƙarami a gefensa an rubuta KADA A TAKA CIYAWA. Wannan ƙaramin allon ya fi ba mutane wahala. Masu zuwa kasuwar Gummi sukan tsayar da babur su sa a karanta musu, su sa a sake karantawa, sannan su hau su tafi shiru.

Wani makiyayi mai suna Dodo, da rugarsu ke kusa, ya zo da ladabinsa ya durƙusa ya ce ko Malam zai bar maruƙansa su rage masa hakin nan, ba sai ya biya shi komai ba, taimako ne tsakanin maƙwabta. Malam ya zaunar da shi a kan dutse mai farar ƙasa ya karanta masa tarihin Rum har rana ta karkata. Dodo ya koma ruga ya ce wa mutanensa a riƙa yi wa ɗan Malam Usama addu'a.

Kowace yamma sai Darakta mai jiran gado ya zagaya kamfus ɗinsa, hannu a baya, yana bin hanyoyin duwatsu. Nan ofishinsa zai zauna, da taga mai kallon gabas. Nan ɗakin karatu. Nan inda zai riƙa ajiye mota idan ta zo. Idan ya hangi wani ganye ya fi 'yan'uwansa tsawo sai ya ciro almakashi daga aljihu ya daidaita shi. A can gida kuwa rumbun Inna na ta yin ƙasa. Lokacin shukar gero ya wuce tana kallo. Na dawa ya wuce tana kallo. Saura wake kaɗai, shi ma idan aka ƙara jinkiri kaɗan shi ke nan, sai a rungumi hannu har wata shekara.

Yanzu sai mu zo kan laifinmu, mu mutanen gari, domin mu muka ɓata wa babban mutum aiki. Mun ji duk jawabansa, ba za mu ce ba mu ji ba. Mun ga allon. Amma a ƙasar da kowa ya tashi da hauya a kafaɗa, tun kaka da kakanni ana kashe haki don a ci abinci, kwanyarmu ta ƙi ɗaukar cewa mutum mai hankali, ɗan manomi jikan manomi, zai shuka haki don yana so. Dole akwai wani abu a ƙasa. A wani gidan suna mata suka warware matsalar. Shagon fotokwafi ba ya kawo komai, kowa ya sani. Yaron nan ba shi da ƙarfin ɗaukar 'yan ƙwadago, hannunsa kuma ya yi laushi a birni, ga girman kai ba zai iya buɗe baki ya ce a taimake shi ba. Gona ta fi ƙarfinsa, shi ne ya lulluɓe abin da Rumawa. Motar ciyawar ma, in ji wata, ai don a ce da gangan ne. Har allo ya kafa, bawan Allah, saboda tsananin kunya.

Goggo Bara'atu, ƙanwar marigayi mahaifinsa, tana wurin. Ta ji abin har cikin ƙashinta. Ba ta tsaya cin tuwon suna ba, ta ja mayafi sai gidan Shitu.

"Sarkin noma, gonar yayana ta zama abin nuni ga matafiya kuna kallo? Shi da bai taɓa jin an yi gayya bai tahi ba?"

Shitu ya sunkuyar da kai, domin gaskiya ta faɗa. Gayya kuwa ita ce abin da muka gada: idan gona ta fi ƙarfin mai ita, sai unguwa ta taru da hauyoyi da ganga a gama masa a yini ɗaya, shi nasa abinci da godiya. Sai dai wannan gayyar tana bukatar dabara. Idan aka gaya wa Malam zai ƙi, zai ce an raina shi, zai kuma kawo Rumawa. Aka yanke shawarar a yi ta a bayan idonsa, don a rufa masa asiri. Duk unguwa ta riƙe maganar, har masu baki biyu, ba wanda ya fasa. Ana haɗuwa da shi a hanya ana gaishe shi da wani sabon taushi, shi kuwa yana cewa lallai labarin muƙamin ya fara aiki.

Goggo ta je ta shaida wa Inna Lubabatu. Duk garin nan Inna ce kaɗai ta san tabbas da gangan ɗanta ya shuka abin nan, kuma yana son sa kamar ransa. Amma ba wanda ya tambaye ta wannan. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ta dai tashi ta shiga ɗaki ta jawo tulun da ta adana irin wake a cikin toka, ta ajiye shi a bakin ƙofa.

Dama ta samu ranar da Malam ya tafi Gusau ɗauko Alhaji Sadiq. Kafin ya tafi ya tsara komai. Ya sa an yanka rago, ya kawo shinkafa, ya bar wa Inna umarni cewa gobe za ta yi manyan baƙi a gona, a dafa abinci mai yawa, kada a ba shi kunya. Inna ta ce in sha Allahu baƙi za su ƙoshi. Ya sa babbar riga mai aiki har ciki, ya ɗauki jaka, ya tsaya a bakin kamfus ya yi masa kallon ƙarshe, sannan ya hau mota.

Washegari ana idar da sallar asuba ganga ta tashi. Maza suka fito da hauyoyi da garemani, har da waɗanda suka daina noma saboda tsufa, don marigayi mutumin kowa ne. Aka jeru a gefen gabas, Shitu a gaba. Ni ban taɓa ganin gayyar da aka yi da zuciya ɗaya irin wannan ba. Kiri-kiri ta kafu, ta yi saiwa, sai an haƙa an girgiza an jefar, amma mutane suna tuna kunyar da yaron nan ya sha shi kaɗai wata da watanni sai ƙarfi ya ƙaru musu. Duwatsu masu farar ƙasa aka kwashe aka tara a kan iyaka, domin suna karya bakin hauya. Allunan biyu aka cire da girmamawa aka jingina a gindin bishiya. Masu garma suka bi baya suna ta da kunya, mata suka biyo su da ƙoren wake, Inna a tsakiyarsu tana jefa iri tana takewa da diddige, ba ta ko ɗaga kai. Da hantsi ya yi aka sauke tukwane. Manyan baƙi suka zauna a inuwa suka ci rago da shinkafa, suka sa wa Malam Abdulwahabu albarka, suka ce ashe yaron ya ji a jikinsa.

A cikin mota kuwa, tun daga Gusau, Malam bai bar Alhaji ya rintsa ba. Direban ne ya ba mu labari daga baya. Da suka wuce Anka ya gama da Rumawa, ya shiga tsarin mulkin kamfus.

"Alhaji, abin da za ka gani yanzu babu irinsa daga nan har bakin iyaka. Kore ne shar, iyakar ganinka. Na ɗauko Rum na ajiye ta a Bukkuyum. Mutanena ba su gane ba tukuna, amma haka ake yi wa duk wanda ya riga zamaninsa. Roƙona ɗaya, idan mun sauka a bi ta hanyar duwatsu, kada a taka."

Suna karyo kwana suka jiyo ganga. Malam ya gyara hula ya ce, "Ka ji, sun shirya tarba. Ban ma sa su ba."

Motar ta tsaya. Malam ya fito da ƙafar dama. Gabansa jar ƙasa ce, kunya bayan kunya, miƙe sambal har ƙarshen gona, ko ganye ɗaya kore babu. A gefe ga tsibin kiri-kiri ya fi mutum tsawo, ya fara yaushi a rana. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya waiga ko direba ya yi ɓatan hanya. Sai ga jama'a sun taso masa, jiki duk ƙasa, fuska duk fara'a, mai ganga na bin su. Goggo Bara'atu ta rangaɗa guɗa. Shitu ya kama hannunsa da hannu biyu ya matso kusa da kunnensa.

"Kada ka ce komi, Malam. Mun gane tun tuni. Asirinka ya rufu."

Alhaji Sadiq ya fito yana dube-dube. Mutum ne mai jiki, ɗan manomi shi ma kafin Allah ya ɗaga shi. Ya tuɓe takalmi, ya taka kunya, ya dunƙulo ƙasa ya murza a hannu.

"Malam Abdulwahabu, ina filin?"

Malam ya ɗaga hannu ya nuna, hannun ya sauko da kansa.

"Wannan ai gona ce, an ma shuka ta. Ta wace ce?"

Aka nuna masa Inna, tana tsaye da ƙoƙon iri a hannu. Alhaji ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa a natse, ta yi masa sannu da hanya. Ya juyo ya ce shi tun da yake bai taɓa ɗora bulo a kan shukar mutane ba, balle ta tsohuwa, kuma ba zai fara a Bukkuyum ba. Ya yaba kunyoyin, ya ce rabonsa da ganin gayya irin wannan tun yana yaro. Aka kankaro masa sauran shinkafa da ɗan abin da ya rage na rago, ya zauna a kan ƙaramin allon nan ya ci ya sha fura, ya yi wa mai ganga kyauta. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Malam ya ce Allah ya yi masa albarka da ya kula da gonar mahaifiyarsa, irinsu sun yi ƙaranci. Motar ta ɗauki hanyar Gummi, da Alhaji da reshen kwaleji da kujerar Darakta duk a cikinta.

Saura godiya, domin ba a watse gayya sai mai gona ya yi magana. Aka yi da'ira, aka sa Malam a tsakiya, mai ganga ya dafe fata. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya dubi tsibin ciyawarsa, ya dubi fuskokin da suka yini a rana dominsa, ba wanda zai iya zagi a cikinsu, ba wanda zai iya kai ƙara. Hawaye suka zubo ta ƙarƙashin tabarau.

"Allah ya saka da alheri," in ji shi, da wata 'yar murya.

Aka amsa da amin mai ƙarfi. Tsofaffi suka ce ka ga ɗan halak, godiya har da kuka. Goggo ma sai da ta share ido.

Abin da Malam ya manta a zamansa na jami'a shi ne gayya ba ta ƙarewa ranar da aka yi ta. Wanda aka yi wa, duk ranar da ganga ta tashi a gonar wani da shi za a je. Daminar nan kuwa ganga ta yi ta tashi. Aka riƙa ganin Barume a gonakin mutane, babbar riga a rataye a reshe, hauya a hannu, yana can baya a kunyar da kowa ya wuce. Ya gwada ɗauko zancen Kamfus Martiyus sau ɗaya, numfashi ya ƙi ba shi haɗin kai.

Waken Inna ya fito, ya yi kyau ƙwarai, don ƙasar ta huta kuma ta sha haƙa. Sai dai kiri-kiri ba ta mutuwa da sara ɗaya, balle wadda aka dasa da ƙauna aka yi mata aski da almakashi. Kowane ruwa ya sauka sai ta leƙo tsakanin wake, nan da can, kore shar. Inna ta ce ba za ta sake tara wa mutane gajiya ba, wanda ya kawo ta shi ya san inda ya sa ta. Saboda haka idan ka bi hanyar Gummi da safe a ƙarshen daminar nan, za ka hangi masanin Latin na Bukkuyum a durƙushe cikin wake yana tono saiwa da farce, Inna Lubabatu kuma na zaune a inuwa a kan babban allon, da sandarta tana nuni.

"Auta, ga wani kamfus nan ya tsiro bayanka. Cire shi da saiwa tai."